Kafin Ka Saka Wa Motar Hatsari Manyan Tayoyi, Duba Ƙashin Bayanta

Yau maganar mota za mu yi, amma ka riƙe wayarka a hannu, don akwai aikin da za ta yi maka a gaba.

Kwanakin baya wani ya kawo min waya in canza masa bakin caji. Yana zaune yana jira sai ya miƙo min ɗaya wayar tasa, ya ce in kalli wani bidiyo. Wasu samari ne a Amurka suka sayi Jeep da ta yi hatsari, gabanta duk ya lotse. Cikin minti goma sha biyar na bidiyon sun gyara ta, sun ɗaga ta, ga ta can tana hawa dutse kamar akuya. Mutumin ya ce da ni, "Ai ba wani abu ba ne, manyan tayoyi ne kawai." Wannan magana tasa ce ta sa na zauna yin wannan rubutu, don na san da yawa daga cikinku haka kuke gani. Ni mai gyaran waya ne, amma a wannan wajen darasin waya da na mota iri ɗaya ne: abin da ido ke fara gani shi ya kamata ya zo ƙarshe a gyara.

Bari mu fara da shi kansa wasan. Hawan duwatsu da mota wasa ne da ya yi ƙarfi a yammacin Amurka. A garin Moab na jihar Utah ana taron Easter Jeep Safari tun 1967. A Kalifoniya akwai hanyar Rubicon, tsawonta wajen kilomita 35 ne kacal, amma mutane kan kwana a hanya kafin su gama ta. Akwai kuma gasar King of the Hammers da aka fara a 2007 a Johnson Valley, wadda ta haɗa gudu a sahara da hawan duwatsu. A kan dutse kuwa, tafiyar a hankali ake yin ta, har mai tafiya a ƙafa zai iya wuce motar. Sau da yawa akwai mutum a waje yana nuna wa direba inda zai ɗora kowace taya.

Me ya sa suke son motar hatsari? Idan kamfanin inshora ya ga kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar, sai ya biya mai ita, ya kai ta gwanjo a wurare irin su Copart. Ana samun ta da araha. Kuma tunda dutse zai kankare fenti ya lotsa ƙofofi ko ta yaya, asara ce a kai sabuwa dal. A nan na yarda da su ɗari bisa ɗari. Inda nake da magana shi ne tsarin da ake bi wajen aikin.

Abu na farko shi ne shasi, wato ƙashin bayan mota. Jeep Wrangler, Land Cruiser da Hilux duk an ɗora bodinsu ne a kan dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani. Injin, giyabos, sifirin da aksul duk a jikinsa suke. Idan hatsari ya lanƙwasa shi, komai ka ɗora a kai a karkace zai zauna. Mota za ta riƙa ja gefe ɗaya, taya na cinyewa ta gefe, sitiyari ba ya komawa daidai. Mu ma haka muke gani a shago. Waya ta faɗi, ƙarfen tsakiyarta ya lanƙwashe, mai ita ya ce shi dai a sa masa sabon sikirin. Ka sa masa, bayan sati biyu ya dawo sikirin ya ɗago ko ya tsage, ya ce kai ne ba ka iya aiki ba. Gwajin shasi na farko kuwa tef ɗin awo kawai yake buƙata. Ka auna daga ramin gaba na hagu zuwa ramin baya na dama, sannan daga gaba na dama zuwa baya na hagu. Idan awo biyun ba su zo ɗaya ba, shasin ya goce. Ka kuma haska fitila ka nemi tsagewa, tsatsa mai cin ƙarfe, da tsohuwar walda da aka rufe da baƙin fenti.

Na biyu, birki, sitiyari da wayoyin wuta. Mota tana tsaye a kan gangaren dutse, hancinta na kallon sama, birki ne kaɗai tsakaninka da rami. Game da wayoyin wuta kuma, shawarata ka guji motar da ambaliya ta shanye, komai arharta. Wayar da ta faɗa ruwa takan kunnu yau lafiya lau, bayan wata ɗaya tsatsa ta gama cin injinta daga ciki. Ƙwaƙwalwar mota da soket-soket ɗinta haka suke yi, sai dai ita mota a tsakiyar daji za ta mutu maka.

Na uku, kejin ƙarfe. A wannan wasa kifewa ba baƙon abu ba ce. Ana haɗa keji da bututun ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da shasi, a sa kujera da bel masu ƙarfi. Bututun ruwa da waldar ƙofar gida ba za su ɗauki nauyin mota ba idan ta juye a kanka. Sannan a sa farantan ƙarfe a ƙasa su kare tankin mai da giyabos daga sukar dutse.

Sai yanzu muka zo kan tayoyin da kowa ke ɗoki. Ɗauki misali ka cire taya mai inci 31 ka sa mai inci 35. Ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari. Ma'ana idan agogon gudu ya nuna maka 100, a zahiri kana kan 113. Ƙarfin da ke kaiwa ƙasa ya ragu, birki na shan wahala wajen tsayar da taya mai nauyi, sandar aksul kuma tana iya karyewa idan taya ta maƙale ka taka totur. Ga shi ka ɗaga motar don tayar ta samu wuri, nauyinta ya koma sama, kifewa ta zo kusa. Ka ga gyara ɗaya ya jawo huɗu. Kamar ka sa wa waya caja mai ƙarfin da ba a yi ta dominsa ba ne, wani abu a ciki shi zai biya bashin.

Abin da ke hawa da mota kan dutse a zahiri giya ce. Ana lissafin ta haka: giya ta ɗaya, sau ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, sau giyar aksul. Misali 4 sau 4 sau 4.10 zai ba ka kusan 66. Wato injin ya juya sau 66 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa kake ganin motar na rarrafe a natse ba tare da direba ya ƙona kuloci ba. Abu na gaba shi ne makullin aksul. Aksul na yau da kullum, idan taya ɗaya ta tashi sama, ita za ta yi ta juyawa a iska, wadda ke ƙasa ta tsaya cik. Makulli yana tilasta su juya tare. Lokacin da Jeep ta fito da samfurin Wrangler Rubicon na 2003, abubuwan da ta sa a gaba ke nan: ƙaramar giya mai 4:1, aksul masu ƙarfi na Dana 44, da makulli gaba da baya. Tayoyinta inci 31 ne kawai. Kamfanin da kansa ya nuna maka abin da ya fi muhimmanci.

Wani zai ce, to ai na bidiyon da taya suka fara kuma ta hau. Malam, bidiyo yankawa ake yi. Aikin watanni ne aka matse cikin minti goma sha biyar, kuma awon shasi ba ya jawo masu kallo kamar taya mai girman kwano. Da yawansu ma a kan tirela suke kai motar wajen wasan su dawo da ita, ba ta taka babban titi da iyali a ciki.

To ina wannan ya shafe ka, kai da ba ka da shirin zuwa Moab? Irin waɗannan motoci na gwanjon Amurka da yawa ana shigo da su ta Legas da Kwatano, a buga bodi, a fesa fenti, a sa a kasuwa. Nan wayarka za ta yi maka amfani. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar a wajen gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin fenti. Akwai kuma rahoton Carfax da ake biya, mai nuna tarihin hatsari. Sannan motocin Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ka sayi ɗan na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka sauke manhajar Torque a Android, za ka karanta matsalolin injin da kanka. Amma fa ka sani, ana iya goge waɗannan lambobi kafin ka zo, kuma babu manhajar da ke ganin shasi mai lanƙwasa. Wannan sai ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, a shiga ƙarƙashin motar da fitila da tef.

Ni dai ra'ayina ke nan: gyara motar hatsari don hawan dutse dabara ce mai kyau, in har kuɗin farko ya tafi kan shasi, birki da keji. Idan kuɗinka bai kai ga waɗannan ba, bar ta da tayoyinta na asali har ka tara. Sikirin da ya sake fashewa ana sayen wani a kasuwa, amma wuyan mutum ba shi da sifiya.