Gidan haya a Yamai: a gyara gida, amma kada a kori unguwa

Makonni uku na yi ina yawon neman gidan haya a birnin Yamai, daga Lazare zuwa Bukoki, daga Yantala zuwa Talaje, kafin wani dillali ya kira ni ya ce: «Ƙanena, zo da sauri, na samo maka gida mai lambu.» Na je na gani. Ɗaki biyu da falo ne, an shafa sabon fenti, an shimfiɗa karo a ƙasa, bayi a ciki, mitar wuta daban. Lambun kuwa bishiyar lemu ce guda ɗaya da wasu furanni a cikin tukwane, sauran tsakar gidan duk an malale shi da siminti. A wani lungu na ga kututturen dogon yaro da aka sare, ko bushewa bai gama yi ba.

Kuɗin haya jika 90 a wata. Sai abansin wata uku, sai kuɗin ajiya na wata biyu, sai ladar dillali ta wata ɗaya. Ke nan sai na ajiye jika 540 kafin a ba ni makulli, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi a hukumance yake jika 42 tun farkon shekarar 2024.

Kuɗin ya ba ni tsoro, amma abin da ya sa na rubuta wannan shi ne maganar wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin ƙofar. Na gaishe ta, na ce: «Inna, su wa ke zaune a nan a da?» Ta ce iyali huɗu ne: wani tela Bazabarme, wani Buzu mai gadi, wata ƴar Togo mai sayar da abinci, da wani malamin makaranta ɗan Damagaram. Wasunsu sun haura shekara goma a gidan. An ba su wata guda su kwashe kayansu saboda za a yi gyara. Da aka gama gyaran, ɗakuna huɗun sun koma gida biyu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da zai iya biyan sabon farashin.

Abin mamaki, a cikin tallan da dillalin ya yi mini har da cewa unguwa ce ta kowa da kowa, babu ƙabilar da ba za ka samu ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai irin wannan gyaran ne ke cinye abin da yake tallatawa. Cakuɗuwar jama'ar Yamai a tsakar gidajen haya ta ginu, inda Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Babarbare da Bagurme ke ɗiban ruwa a famfo guda, ƴaƴansu na tashi da harshe biyu ko uku ba tare da an koya musu ba. Wasan taubasantaka da muke alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014, a irin waɗannan gidaje yake rayuwa kullum. Idan talaka ya bar tsakiyar gari, wasan zai rage sai a bukukuwan gwamnati.

Su kuma waɗanda aka kora, ina suke zuwa? Bayan gari, inda taksi sai ka hau biyu kafin ka isa kasuwa, ko kuma kwari kusa da kogi inda ƙasa ke da araha. Mun ga abin da ya faru a damanar 2020 lokacin da kogin Isa ya tumbatsa ya shiga Lamorde, Karaje, Kirkisoi da Saga, mun kuma ga ɓarnar ambaliyar 2024 a faɗin ƙasa. Duk iyalin da tsadar haya ta tura kwari, an ƙara shi ne a jerin waɗanda gwamnati za ta nema wa tanti da buhun shinkafa gobe.

Ban ce mai gida ba shi da hujja ba. Gidansa ne, kuma sau da yawa shi ne fanshonsa, ko gadon marayu da ake ciyar da su da kuɗin hayar. Tsofaffin gidajen laka na tsakiyar gari suna bukatar gyara, wasu ma haɗari ne a lokacin damana. Kayan gini daga waje suke zuwa, kuma rufe iyakar Benin tun 2023 ya tsawaita hanyarsu. Birnin da ƙidayar 2012 ta samu da mutum miliyan ɗaya da ɗoriya ya ci gaba da cika, gidaje kuwa ba su ƙaru daidai da jama'a ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma a watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, kuma a yawon da na yi ban haɗu da mai gida ko ɗaya da ya ce saboda haka ya sassauta ba. Idan kaya sun hau, ɗan haya ne ke biya. Idan sun sauka, ba ya gani.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a yi.

Na farko, a daina haya da baki. Nijar na da dokar haya tun 1996, amma yawancin masu haya a unguwanninmu ba su taɓa sa hannu a takarda ba. Ya kamata kowace daga gundumomi biyar na Yamai ta tanadi takardar yarjejeniya mai shafi guda, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, wadda za a rubuta kuɗi, da wa'adin sanarwa, da wanda gyara ya hau kansa.

Na biyu, wanda ya daɗe a gida a ba shi isasshen lokaci, aƙalla wata uku, kuma shi za a fara yi wa tayin gidan bayan gyara. Kora a tsakiyar shekarar karatu ko tsakiyar damana zalunci ne, ko da gidan naka ne.

Na uku, a yi wa dillalai rajista a ma'aikatar magajin gari. Tunda ladarsu kuɗin wata guda ce, duk yadda haya ta hau su riba ce, kuma wasu har kuɗin ganin gida suke karɓa ko ka so shi ko ba ka so ba. Mai gaskiya a cikinsu ba zai ƙi kati da lamba ba.

Na huɗu, bishiya. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wuta kuma na ɗaukewa a daidai lokacin, sare dogon yaro mai shekara talatin a ajiye tukunyar fure ba gyara ba ne. Mun riga mun ga yadda gine-gine suka ci dajin kariya da aka fara dasawa a kewayen Yamai tun 1965. Kada mu ƙarasa da na cikin gidaje. Jami'an gandun daji su riƙa leƙa wuraren gyara kamar yadda suke tare masu itace a hanya.

Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma su lura, domin jami'o'i da ma'aikatu suna ta jawo musu sababbin masu neman haya, kuma abin da ya ci Yamai yana hanya.

Ni dai ban karɓi gidan ba, aljihuna bai kai ba. Na samu ɗaki da falo a wani tsohon gida, fentinsa ya koɗe, amma akwai mangwaro a tsakar gida da maƙwabta uku da ke amsa sallama da harsuna uku. Na roƙi mai gidan mu rubuta takarda, ya yi dariya ya ce: «Ɗana, ba ka yarda da ni ba ne?» Na ce: «Baba, na yarda da kai, magadanka ne ban sani ba.» Ya yi shiru, sannan ya sa aka kawo biro.