Hoton Da Ba Ya Cin Tuwo

A tsibiran Fiji, can cikin Tekun Fasifik, da can in aka ce wa mace ta rame, to, jaje aka yi mata. Cikar jiki ita ce shaidar lafiya da kulawar dangi. Cikin 1995 talabijin ya shiga lardin Nadroga, ɗauke da wasannin Amurka masu siraran mata. A shekarar nan wata likita, Anne Becker ta Jami'ar Harvard, ta binciki 'yan matan makarantar wurin, ba ta sami ko ɗaya mai ƙaƙaro amai don ta rame ba. Da aka sake binciken cikin 1998, sai aka tarar fiye da ɗaya cikin goma na yin haka. Shekara uku kacal!

Masu sayar da irin hotunan nan sukan ce ai kwaɗaitar da mata suke yi ga motsa jiki. Wannan zancen 'yan kasuwa ne. Macen da ke motsa jiki don ta ji ƙarfi, ribarta na hannu tun makon farko, gama za ta yi barci mai daɗi, ta hau tudu ba haki. Amma wadda ke yi don ta zama kamar hoto, gudu take da yunwa, ta dubi madubi ta ga ba ta kai ba, har ta fid da rai ta bari. To, yaya za ta kai? Ita kanta mai hoton ba haka take ba, da na'ura aka tsuke mata ƙugu. Abin ya kai har cikin 2017 gwamnatin Faransa ta tilasta a riƙa rubuta sanarwa a jikin hoton talla in an gyara surar mai shi.

Kada mai karatu ya ce wannan ciwon Turawa ne. A ƙasar Hausa an fi yabon ƙiba, saboda haka hoton da ake tallatawa dabam ne, amma cinikin ɗaya ne. Nan 'yan mata ke haɗiyar ƙwayar da ake kira "sha ka fashe," fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, su kuma guji tafiyar ƙasa wai kada jikin ya zube.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa abin da ta nema ga baligi, mace ko namiji, shi ne motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri tana ciki, haka daka da ɗiban ruwa.