Murhunki na cin itace kamar gobara? Duba inda iska ke shiga

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, gas ɗin girki ma ya bi sahu, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas a lungu sun koma wa itace da gawayi. To shi ma itacen yanzu ba na banza ba ne. Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta shigo tana mita, wai faskaren da a da yake kai ta kwana uku yanzu kwana biyu ma da ƙyar, kuma ta riga ta yanke hukunci cewa mai itace ne ya rage ɗauri. Na bi ta madafa muka duba. Ɗaurin yana nan yadda yake. Murhun nata na yumɓu ne ya tsage ta baya, tsagar da yatsa zai shiga, ta gefen da iskar hunturu ke bugowa.

Wuta tana rayuwa ne da iska. Idan iskar ta yi kaɗan, itace ya yi ta hayaƙi ba zafi. Idan ta yi yawa, ya ci da sauri, harshen wutar ya karkace gefe, zafin ya bi iska ya tafi, tukunya tana zaune. Amfanin ginannen murhu a kan duwatsu uku shi ne ya tilasta wa iska shiga ta ƙofa ɗaya, ta ratsa ƙarƙashin itacen, zafin ya hau kai tsaye zuwa gindin tukunya. A murhun duwatsu uku, abin da ke isa ga tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Murhun da ya tsage kuwa yana komawa ne gidan jiya a hankali, ke ba ki sani ba, sai dai ki ga kuɗin cefane yana zurarewa.

Gano tsagar ba ya buƙatar ma'aikaci. Ki jira dare, ki hura wuta, ki ɗora tukunya, sannan ki kashe fitila ki zagaya murhun. Duk inda kika ga haske na leƙowa ban da ƙofar itace da bakin tukunya, nan ne ɓarakar take. Tsagar da ta yi siriri har haske ba ya fita, turaren tsinke zai tona mata asiri: ki kunna shi lokacin da wutar ke ci sosai, ki bi jikin murhun da shi a hankali, musamman ƙasa inda ginin ya haɗu da daɓe. Idan hayaƙin turaren ya daina miƙewa sama ya lanƙwasa yana shigewa jikin murhun, iska na shiga ta nan. Ki yi wannan a lokacin da gari ya lafa, don iskar tsakar gida za ta ruɗe ki. Da rana kuma ki duba baƙin kunkunniya. Layin baƙi a bayan murhu, inda bai kamata hayaƙi ya bi ba, shaida ce.

Masu murhun ƙarfe, naku ya fi lalacewa ta wajen walda da kuma gindi, inda toka ke kwana ta jiƙe ta ci ƙarfen. Idan yana da 'yar ƙofar iska, ki sa takarda a bakinta ki rufe lokacin da murhun yake a sanyaye, ki ja. In ta zare ba wata turjiya, ƙofar ba ta kama, kuma ko kin rufe ta gawayinki zai ci gaba da ruruwa har ya zama toka kafin wake ya nuna. Mai walda zai daidaita ta da kuɗi kaɗan.

Gyaran na yumɓu kuwa aikin hannu ne. Ki bar shi ya huce sarai, ki kankare bakin tsagar ki ɗan faɗaɗa ta, ki yayyafa ruwa don sabon kwaɓi ya kama tsohon. Ki kwaɓa yumɓu da yashi da ɗan toka, ki zuba buntun shinkafa ko garin katako. Yashin yana hana shi sake tsagewa idan ya bushe, buntun kuma yana barin ƙananan ƙofofi a ciki waɗanda ke riƙe zafi. Ki cusa shi har ciki, ba shafe ta sama kawai ba. Inda akasarinmu muke ɓata aikin shi ne gaggawa: a liƙe da safe, a ɗora sanwa da rana. Ɗanyen kwaɓi idan ya ji babbar wuta ruwan cikinsa ne zai fasa shi. Ki ba shi kwana biyu ko uku a inuwa, wutar farko kuma ta zama 'yar ƙarama, ta dafa shayi.

Sai dai ba kullum laifin tsaga ba ne. Ki dubi zaman tukunyar. Idan ƙaramar tukunya ce a kan murhu mai faɗin baki, wutar za ta zagaye ta ta wuce. Tazarar da ake so tsakanin jikin tukunya da bangon murhu kamar kaurin yatsa ce, yadda zafin zai gogi tukunyar kafin ya fita. In kuma tukunyar ta toshe bakin gaba ɗaya, wutar za ta shaƙe, hayaƙi ya dawo ta ƙofar itace ya cika miki ido. Tokar jiya da ba a kwashe ba ita ma haka take yi, tana toshe hanyar iska ta ƙasa, ki yi ta fifita har hannu ya gaji.

Sannan itacen kansa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wutar sai ta fara ƙone ruwan kafin ta waiwayi tukunyarki. Idan kika ga kumfa na fita ta gindin itacen yana tsuwa, ruwa kika saya. Busasshe ya fi sauƙi a hannu, bakinsa ya tsattsage, in kin buga biyu za su yi ƙara mai kaifi. Marke da ƙirya suna da nauyi, suna daɗewa kuma su bar garwashi. Kara da siraran ƙirare na tayar da wuta ne, ba na dafa ganda ba. Ni dai ban ga amfanin cusa faskare biyar a lokaci guda ba. Biyu ko uku, ana iza bakinsu kaɗan-kaɗan, sun isa, kuma da zarar tukunya ta tafasa a janye ɗaya a sa murfi.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shafin lafiya shi ne hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon huhu na nimoniya ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke goye a bayanki yana shaƙar duk abin da kike shaƙa, da huhun da bai gama ƙwari ba. Leda da robar silifas da ake tayar da wuta da su suna ƙara dafi a kan dafi.

Ki lura kuma da kyau: murhu na ce a liƙe, ban ce madafa ba. Taga da ƙofa su zauna a buɗe. Mutanen Jos da tsaunin Mambila, da duk inda sanyi ke sa a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, wannan taku ce. Garwashin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a fitar da su waje nan take, a buɗe ko'ina, a kai su asibiti, ko da sun ce sun ji sauƙi.

Kafin ki yi gyaran, ki zuba ruwa a tukunyar da kika saba, ki ƙirga faskaren da ya ci da mintocin da ya ɗauka kafin ya tafasa. Bayan kwaɓin ya bushe ki maimaita da tukunya ɗaya, ruwa ɗaya, itace iri ɗaya. Maƙwabciyar tawa ta yi hakan, ɗaurinta ya koma kai ta kwana uku, amma har yau ba ta je ta ba mai itace haƙuri ba.