LAFIYA UWAR JIKI: Jini Kan Riga Ciwon Sukari Magana

Ciwon sukari ba ya sallama. Magidanci a unguwar Hashimi ta Suleja zai yi sammako ya shiga mota zuwa aiki Abuja, ya wuni zaune, ya komo ya ci tuwo ya kora da lemon kwalba, yana ganin lafiyarsa lau. Sai ran da ƙishirwa ta ƙi yankewa, fitsari ya hana barci, ko gyambo ya ƙi warkewa, sa'an nan a garzaya asibiti. Alhali kuwa jini ya daɗe yana nuna alama.

A cikin 2011 masana a Amurka suka bayyana binciken da suka yi a garin Framingham. Sun bi mutum 2,422 har shekara 12, daga ciki 201 suka kamu. Da aka koma kan jinin da aka ɗiba tun farko, sai aka tarar waɗansu sinadarai 5, daga cikin tubalan da ke gina furotin, sun riga sun hau tun sukarinsu yana daidai. Waɗanda nasu ya fi hawa, haɗarinsu ya zarce ninki 5 na waɗanda nasu ke ƙasa.

Wannan awo dai har yanzu na masu bincike ne, amma akwai wanda talaka zai iya. Idan aka auna sukari da safe kafin karin kumallo, aka sami 126 ko fiye har sau biyu, to, ciwo ya kama. Daga 100 zuwa 125 kuwa gargaɗi ne. Akwai kuma awon da ke nuna matsakaicin sukari na wata 3, sai dai mai jinin sikila ya gaya wa likita, domin yakan rikita sakamakon.

Gargaɗin nan ba hukunci ba ne. Wani bincike na 2002 ya nuna masu irin wannan jini da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Wato mai kilo 80 ya zubar da kusan kilo 6 ke nan.

Saboda haka duk wanda ya haura 40, ko ya ajiye tumbi, ko iyayensa suka yi ciwon, lalle ne ya je a auna shi. Tun ran gini, tun ran zane. Allah Ya ba da lafiya, amin.