Kafin ku zagi masu bilicin

Ranar Asabar na je suna gidan yayata a Barnawa. Wata gwaggo ta karɓi jaririya, ko addu'a ba ta yi ba sai ta juya kunnenta ta duba, ta ce, "Kash! Wannan ma baƙa za ta yi, kunnen ya nuna." Ɗaki ya ɗauki dariya. Yayar jaririyar, 'yar shekara tara, tana tsaye bakin ƙofa. Da yamma ta ja mayafina ta ce, "Anti, wane mai ne zan shafa in yi haske?"

Wallahi har yanzu maganar na cina.

Kullum a Facebook ɗin nan sai kun yi wa masu bilicin ba'a: fuska fara, gwiwa baƙa ƙirin. To tsakani da Allah, wa ya tura su? Wa ke cewa "fara ko mayya ce"? Wa ke aika wa mai dalilin aure sharaɗin sai fara? Uwar miji nawa ta kalli amarya ta ce "baƙa ce, amma tana da hankali"? Wannan "amma" ɗin ita ce dafin.

Daga Kakuri zuwa Sabon Tasha mun sha bamban a abubuwa da yawa, amma a nan kam masu zuwa masallaci da masu zuwa coci bakinmu ɗaya.

A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda. Wasu kan sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. Ruwanda ta haramta su. Amma ko an rufe kowane shago gobe, muddin baƙar yarinya na jin abin da 'yarmu ta ji, a bayan gida za a riƙa haɗa man.

Mu da ke kukan Turawa na raina baƙar fata, mu ne ke auna jarirai da kunne.

Na zaunar da ita na ce mata babu abin da ke jikinta da ke bukatar gyara. Gwaggo kuma, da girmanta da komai, na ce mata kada ta sake. An ce na yi rashin kunya. Na ji, na ɗauka.

Kai fa, yaushe rabon da ka kwaɓi wani a gidanku?