Mu Ma Da Hannunmu a Rushe Tsofaffin Gidajen Ikko

Yau da 'yan'uwana 'yan kasuwa nake, kuma na san wasu za su ji haushi, to sai dai a yi haƙuri.

Duk wanda ya san Dandalin Tinubu a tsibirin Ikko kafin 2016 ya san Ilojo Bar, tsohon benen nan da ke kwanar titin Bamgbose, mai tagogi masu kan baka da barandar ƙarfe da maƙera suka lanƙwasa da hannu. Wajen 1855 aka gina shi, irin ginin mutanen da ake kira Aguda, wato bayin da suka dawo daga Brazil da jikokinsu. A 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, doka ta hana a taɓa shi. Amma ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, ana jajiberin Babbar Sallah, katafila ta kwantar da shi. Ina ɗan sakandare lokacin. Da muka dawo kasuwa bayan Sallah sai tarin ƙasa muka tarar, na kuma ji wani dattijo a layinmu yana cewa ai gara haka, da ma mashaya ce, yanzu a samu shaguna.

Abin da ya tuno mini da wannan magana shi ne, gidan da mahaifina ke hayar shago a ƙasansa, a wajen Balogun, shi ma magada sun fara kawo masu awo. Ba shi da suna a littafin tarihi, amma irin wancan ginin ne. Kaurin bangonsa ya kusa kamu ɗaya, na jan bulo, rufin yana can sama, tagogin katako ne masu fiffike da iska ke ratsawa ko an rufe su. Wallahi in aka ɗauke wuta da azahar, 'yan filazar da ke kallonmu fitowa suke yi waje da gumi sharkaf har sai an ta da janareto, mu kuwa muna zaune muna auna yadi. Wanda ya gina gidan nan ya san zafin Ikko, ya yi wa zafin dabara tun babu fanka.

Masu cewa ba tarihinmu ba ne, ina ruwan Bahaushe da gidan Aguda, su koma su bincika. Cikin bayin da aka kai Bahia akwai Hausawa da yawa, kuma da su aka shirya boren 1807, sannan a 1835 bayi Musulmi suka sake yin wani cikin watan azumi, bayansa ne aka koro da dama zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kuma masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, inda da yawanmu ke sallar azahar, ai irin wannan ginin ne, magini ɗan Aguda ne ya tsaya a kansa. Ko shi ma a rushe a yi shaguna?

Yanzu ga inda nake ganin laifinmu. Mai filaza ba da kuɗinsa yake gini ba, da namu ne. Tun gidan na tsaye, mutane na kwana a ciki, za ka ga Alhazanmu sun bi dillali sun biya kuɗin shago na shekaru a kan zanen takarda. Da wannan kuɗin ake sallamar magada, da shi ake hayar katafila. In an gama a ba ka wani akurki da ko mutum uku ba ya ɗauka, haya ta ninka, kana godiya.

Na san magada na da hakki, gidan kakansu ne, kuma na san bayan gidan na yoyo, matakalar ma sai da bismillah ake hawa. To gyara ake yi. Gidan Makama a Kano na ƙasa ne, ya girmi Ilojo Bar nesa ba kusa ba, ga shi nan tsaye saboda ana yaɓe shi. Da wani zai ce a rushe shi a yi filaza, mu ɗin nan ne za mu fara kumfar baki.

Na roƙi Baba ya tara sauran 'yan haya mu je wa magada da tayin ƙarin haya, a sa kuɗin a gyaran rufi da matakala. Ya yi dariya ya ce yaro man kaza. Mutum biyu sun yarda zuwa yanzu, mu tara ne a gidan, kuma na ji ɗaya cikinmu ya riga ya kai wa dillali kafin alƙalami.