Zauren Anti: Jinin Takarda Daban, Na Ido Daban

Wannan karon ƙanena ne ya tado min da magana. Ya same ni nan Gusau da wani littafi na 'yan damben ɓoye, wai shi da abokansa za su mayar da shi gajeren fim, su ɗauka a Tsafe da Bungudu. Na karanta, wallahi shafi ba ya wucewa ba a fasa bakin wani ba.

Ni ban ƙi ba. Ai Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, a Amurka ma littafin Fight Club na 1996 ya zama fim a 1999. Amma littafi ke kaɗai kike karantawa a ɗaki. Fim kuwa ƙannenki ne a gaba, gobe ki gan su sun naɗe hannu da tsumma.

Kuma damben gaskiya yana da ƙa'ida: hannu ɗaya ake ɗaurewa, turmi uku ake yi, gwiwa na taɓa ƙasa an yi kisa, sai a raba. Ko Shago da Ɗan Anace ya wasa, a fili ya yi nasa, gaban jama'a.

Na ce, "Kai yaro, rage naushin nan. Nuna mana uwar da ke dafa ruwan gashi da tsakar dare, da budurwar da aka ɗaga bikinta." Har yau bai amsa ba.

Ku me kuka gani? Ku rubuto min.